Randar da Jumber Bai Wanke Ba

Duk wanda ya ce baki ba ya cinye maraƙi, a turo shi ƙauyenmu ya tambayi gidan Jumber. Ba zai sha wahalar nema ba, gidan da ake jin muryar maigidan tun daga bakin gada shi ne.

A nan yankinmu na Kakheti kowane gida da gonar inabinsa da ɗakin randunansa. Randunan a binne suke har wuya, haka iyayenmu suka tarar da su. In kaka ta yi a tattake inabi a zuba, a rufe da faifan dutse a shafe da laka, sai bazara a buɗe. Mutum yana iya sayen gishiri, yana iya sayen takalmi, amma magidancin da aka kama ya sayo giya ya ɗora a teburinsa, gara a gan shi yana bara a ƙofar coci.

Jumber direba ne a da. A shekararsa ta ƙarshe a kan sitiyari aka ɗauke shi yana yawo da baƙi 'yan ƙasashen waje, irin masu zuwa gonaki suna shinshina kofi suna lumshe ido. Bai iya yarensu ba, amma akwai tafinta, shi kuwa kunne gare shi kamar na zomo, sai dai rabin magana yake ɗauka. Da ya ajiye mota sai ya dawo gida da ilimi. Ya ce duniya ta wuce ta bar ƙauyenmu a baya. Yanzu giyar da ake girmamawa ita ce ta asali, wadda ba a fesa wa inabinta magani ba, ba a ƙara mata komai ba, ba a rage mata komai ba. Akwai ma wadda ta fi ta daraja, ita kuma watan sama ake bi wajen yin ta, ana binne ƙahon saniya a gona.

Maƙwabcinsa Elguja, wanda katanga ɗaya ta raba su tun suna yara kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ya ce to ai abin da kakarsa take yi ke nan, ban da ƙahon.

"Kakarka cikin jahilci ta yi," in ji Jumber. "Ni da sani zan yi."

Da ƙahon ya fara. Ba shi da na saniya a hannu, sai ya sauko da na bango, ƙahon shan giya na mahaifinsa mai bakin azurfa, wanda ake miƙa wa babban baƙo. Ya ce tunda ƙaho ake so, mai azurfa ya fi ƙarfi. Ya ɗura masa kashin shanu ya binne a gona. Matarsa Tsisana ba ta sani ba sai da ta ga ƙusa tsirara a bango. Da ta matsa masa ya je tonowa, ya tarar ya manta gindin da ya binne. Ya haƙa nan ya haƙa can, ya dawo ya ce ƙasa ta karɓa, alama ce mai kyau.

Da kaka ta zo kowa ya fita tsinkar inabi, Jumber ya zauna a benci yana jiran wata. Wata ya cika, ya ce ya yi yawa. Ya ragu, ya ce ya yi rauni. Tsuntsaye da rina dai ba su jira kowa ba. Yana zaune yana kallon Elguja da 'ya'yansa suna wucewa da kwanduna, har ya ce masa a gaban mutane abin da zai fito daga wannan gaggawa ruwan wanke kwano ne.

Sai batun wankin randa. Ko yarinyar da ba ta iya ɗaura ɗankwali ba ta san yadda ake yi. Namiji ya tuɓe ya shiga ciki da fitila da burushin ɓawon itace, ya goge, a kwashe ruwa, ya sake gogewa, har sai ruwan da ke fitowa mutum zai iya sha. Jumber ya ce baƙin sun ce kada a taɓa komai, wanki kuwa taɓawa ne, dattin bara shi ne ruhin giyar bana. Gaskiyar magana, kujerar direba ta ajiye masa tumbi, bakin randa kuwa bai ƙara faɗi ba tun zamanin kakansa. Ɗansu Temur ya ce shi zai shiga. Jumber ya ce a gidan nan hannu ɗaya ke taɓa randa, kuma mai hannun bai mutu ba. Ya zuba abin da tsuntsaye suka rage masa, ya rufe.

Temur shi kaɗai Allah ya ba su, yaro mai shiru, uwarsa ya biyo. Yana son wata yarinya Nestan, 'yar wani dattijo Shalva da ke tsallaken kogi, ita ma tana son sa. Jumber bai taɓa ganin Shalva ba, amma kowa ya san labarinsa. Da aka aika masa neman aurenta, ya ce shi ba ya tambayar mutane halin gida, randa yake tambaya. Zai zo ranar Lahadin bayan Ista a buɗe a gabansa, in ya sha zai ba da amsa.

Jumber ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya shafe makonni yana gaya wa duk wanda ya tsaya a layin cewa tsohon nan zai sha ya nemi a ƙara masa 'ya ta biyu ya bayar. Sai da abin ya rage 'yan kwanaki Tsisana ta tilasta masa ya buɗe su ɗanɗana. Ya zura ludayi mai dogon hannu ya ɗebo, ya kurɓa. Idonsa na hagu ya rufe da kansa, kunnuwansa suka yi motsi. Ya daɗe kafin ya haɗiye, sannan ya ce tana da hali.

Tsisana ta taɓa da harshe ta tofar. Ta ce madalla, ta samu ruwan tsamin da za ta jiƙa kokwambar gunduma gaba ɗaya. Sannan ta ce masa ya tsallaka wurin Elguja ya faɗi gaskiya, a ba shi tulu biyu, ai giyar maƙwabci ba saye ba ce, kuma Shalva ma manomi ne, ya san shekara tana ɓaci.

"In je wurin mai ruwan wanke kwano?"

"Kai mutum, auren ɗanka ne."

"Saboda auren ɗana ne ba zan ba surukina abin da aka yi cikin jahilci ba."

Dabarar da ya ƙulla ita ce, zai je Tbilisi, babban birninmu, kantin da baƙin nan suke saye, ya zaɓo wadda ta fi kowace da wannan hanci nasa, ya juye a randa ya shafe da laka, ranar Lahadi ya buɗe a matsayin tasa. Kuɗi kuwa, akwai maraƙin da Tsisana take kiwo don bikin. Ya ja shi kasuwa tana coci, bai gaya mata ba sai da ta ga igiya a turke.

Kantin yana wani lungu, sai an sauka matakala. Mai shi saurayi ne da gemu da ɗan kunne, wanda da a ƙauyenmu ne da uwarsa ta kulle shi a ɗaki har ya gyara. Amma yana da ladabi. Ya ce Kawu me ake nema. Jumber ya ce shi ba mai saye ba ne, mai yi ne, ya zo ne ya ga ko 'yan birni sun kamo ƙafarsa. Saurayin ya fara nuna masa: wannan jeren inabinsu bai ga feshi ba, wancan an bi wata da ƙaho, na can kuwa ko ƙwayar maganin hana lalacewa ba a sa ba. Jumber yana gyaɗa kai yana ƙarasa masa magana ba daidai ba. Aka zuba masa ta farko, ya shinshina ya ce ranar Talata aka tsinki inabin, shi ya sa. Aka zuba ta biyu, ya ce mai wannan ba ya jituwa da matarsa.

Can idonsa ya faɗa kan wasu kwalabe masu murfin ƙarfe irin na lemo, ruwan cikinsu a gurɓace kamar kogi bayan ruwan sama. A jikin kowace an zana wani tsoho mai gashin baki har kunne, girarsa ɗaya a tsage, yana riƙe da ƙaho. Rubutun da harafin Turawa aka yi shi don baƙi, Jumber kuwa bai san ko ɗaya ba. Aka ba shi ya kurɓa, ya ji ta yi masa tsalle a harshe. Ya ce wannan ce, kuma mai ita Bafaranshe ne, a dubi hancin. Saurayin ya buɗe baki zai yi magana, Jumber ya ɗaga masa hannu ya ce ya ɗauki irinsu a mota, ba sai an gaya masa ba.

"To Kawu, abu ɗaya. Wannan tana da rai. An ɗura ta ba ta gama tashi ba, a cikin kwalba take ƙarasawa. A tsaye ake ɗaukarta, a wuri mai sanyi, kuma ba a girgiza ta."

"Yaro, ina ɗaukar giya a mota ubanka bai san hanyar gidan su uwarka ba."

Ya saye iya abin da maraƙi zai iya saye, kuma abin bai kai yadda ya zata ba. Yana fitowa ya ga kwalayen suna da rubutu, duk wanda ya gani zai gane. Sai ya zubar da su ya kwantar da kwalaben a buhunan dankali.

A ƙaramar bas ɗin da ke zuwa wajenmu ya zauna kusa da direba don ya koya masa tuƙi, ya ɗora buhunan a kan murfin inji inda ɗumi yake. Ranar an yi rana. Da suka sauka daga dutse ya ce wa direban ya bar kwalta, akwai yanke da shi kaɗai ya sani. Direban yaro ne, ya bi maganar babba. Hanyar duk rami ce.

Kwalbar farko da ta fashe, Jumber ya ce taya ce. Direba ya tsaya ya zagaya motar ya ga lafiya lau. Ta biyu ta fashe, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta yi alamar gicciye ta saki talotalon da ke cinyarta, ya bi kan fasinjoji yana neman taga. Ta uku da ta huɗu tare suka tashi, kumfa ya gangaro ƙarƙashin kujeru. Jumber ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, maganin feshin inabi ne. Wani dattijo a baya ya dangwala yatsa ya lasa, ya ce in inabin ya ƙi sha shi yana so. A bakin gadarmu direban ya sauke shi, ya ce daga yau ko gawarsa ce ba zai ɗauka ba.

Haka ya shigo layi da buhuna a baya, suna ɗiga suna ƙara. Elguja yana ƙofar gida yana gyaran itacen inabi.

"Maƙwabci, dankalin naka kuka yake yi."

"Iri ne na ƙasar waje."

"Na ji. Har muryar kwalba gare shi." Elguja ya ajiye almakashi ya rage murya. "Jumber, in akwai abin da ake bukata ranar Lahadi, katangar nan ba ta da tsawo."

"Abin da zan buɗe ranar Lahadi, ko ƙamshinsa ne ya tsallaka katangar nan sai ka biya."

Elguja ya ɗauki almakashinsa.

Washegari da safe, Temur ya tafi aiki, Jumber da Tsisana suka kwashe ruwan tsamin. Ba ta yi masa maganar maraƙi ba. Ta dai ce tunda an zo nan, a wanke randar ko sau ɗaya. Wannan karon bai kawo maganar ruhi ba. Ya tuɓe riga, ya zura ƙafafu, cinyoyi suka wuce, ƙugu ya wuce da ƙyar, sai tumbi ya zauna a bakin randa daram kamar don shi aka gina ta. Ya yi ƙasa bai tafi ba, ya yi sama bai fito ba, ƙafafunsa suna lilo a ciki. Tsisana ta ce bari ta kira Elguja. Ya ce in ta kira shi ya sake ta. Ta ce ya fara sakin randar tukuna.

Ana cikin haka Elguja ya yi kira ta kan katanga yana neman aron tsani. Jumber ya amsa daga inda yake, ya ce yana cikin wani aiki mai zurfi, a dawo an jima. Tsisana ta ɗauko man girki ta zagaye masa ciki da shi, ta kama shi ta hammata ta ja da duk haushin maraƙinta. Ya fito da ƙara kamar an cire toshiya, amma wandonsa ya zauna a ciki. Da ludayi aka yi ta lalube, ana jan sa a bangon randar har aka fito da shi. Jumber ya duba wandon ya ga yadda ya yi baƙi, ya ce to ai shi ke nan, randa ta gogu.

Ya juye kwalaben da suka tsira, ya leƙa, ya ga ko gwiwar randar ba su kai ba. Baƙo yana ganin yadda ludayi zai nutse zai san da magana. Sai ya ɗebo ruwan rijiya ya ƙara. Ya ɗanɗana ya ji ta yi salam, ya shiga rumbun Tsisana ya kwaso maɗin inabin da ta dafa ta ajiye don alewar biki, ya juye duka.

"Ba kai ka ce ba a ƙara mata komai ba?"

"Wannan ba ƙari ba ne. Inabi ne ya koma wurin ɗan'uwansa."

Ya ɗora faifan dutse ya shafe da laka riɓi biyu, don kada ƙarfin ya fita. Kwalaben kuwa ya zuba su a wata ƙaramar randa da babu komai ciki kusa da ƙofa, ya rufe da tsohon katako ya shimfiɗa tabarma a kai.

Kwanakin da suka biyo an yi zafi. Tsisana ta ce tana jin ɗakin yana gunji kamar amyar zuma. Jumber ya ce waƙa take yi. Temur, da uwarsa ta gaya masa komai, ya roƙi ubansa ya bari a je a faɗa wa Shalva gaskiya tun kafin ya taso. Jumber ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je ya guge rigarsa, aure kam ya ɗauru.

Ranar Lahadi da hantsi baƙi suka iso, Shalva da matarsa da Nestan. Dogo ne, cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, da gashin baki har kunne, girarsa ɗaya a tsage. Jumber ya riƙe hannunsa yana kallon fuskar, wani abu yana yi masa susa a ƙwaƙwalwa.

"Batono Shalva," in ji shi, don haka muke kiran babba da girmamawa, "mun taɓa haɗuwa."

"Ba mu taɓa ba."

"Ni ba na manta fuska. Ko na taɓa ɗaukarka a mota?"

"Jaki nake hawa."

Maƙwabta suka shigo kamar yadda aka saba in za a buɗe randa, har da Elguja a cikin farar riga. Aka cika ɗakin. Jumber ya tsaya a kan randar ya yi jawabi. Ya yi maganar wata, ya yi maganar ƙaho, ya ce abin da ke ƙarƙashin dutsen nan hannun mutum bai taɓa shi ba, kuma ba don raini ba, a tsallaken kogi ba a kai ga yin irinsa ba tukuna. Shalva ya karkata kai yana saurare.

"Randarka magana take yi," in ji shi.

"Gado ta yi," in ji Elguja.

Jumber ya durƙusa ya sa wuƙa a laka. Aka ji wani huci kamar na maciji, sannan faifan dutsen, wanda sai namiji ya yi nishi yake ɗaga shi, ya ɗaga da kansa ya koma gefe. Kumfa ya tashi har rufi. Ya sauko a kan kwat ɗin Shalva, a kan gashin bakinsa, a kan ɗankwalin matarsa, a kan duk wanda ya matso don ya ga ilimi. Mata suka yi ƙofa. Shalva ya ja baya taku biyu ya taka tabarma, katakon ya karye, ƙafarsa ta tafi har gwiwa, aka ji kwalabe suna kaɗa juna a ƙasa.

Temur da Elguja suka ciro shi. Elguja ya duƙa ya zura hannu ya fito da kwalba ɗaya, ya miƙa wa baƙo, tunda shi ya gano ta. Kumfa yana ta ɗiga daga rufi.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Jumber ya share fuska ya ce to, tunda an gani, ya sayo 'yan kaɗan ne don ya taimaki tasa, kuma da ya sani da bai yi ba, domin laifin duk na wannan Bafaranshen ne da ke jikin kwalbar. Mutumin bai iya giya ba. Macuci ne, ruwan kwata yake ɗura wa bayin Allah. Wanda ya san abin da yake yi ba zai rufe giya tana tsalle ba. Da zai gan shi ido da ido, da sai ya aske masa wannan gashin bakin da wuƙar yanka burodi.

Shalva ya goge kwalbar da hannun kwat ɗinsa a hankali. Ya juya ta, ya ɗaga ta kusa da kuncinsa, ya tsaya haka don kowa ya gani da kyau. Nestan ta rufe baki da hannu biyu. Matar Shalva ta ce ai ta gaya masa kada ya yarda ɗan ƙanensa ya zana shi a kwalba ya kai birni, fuskar mutum ba ta yawo ba ce.

"Ga ni," in ji Shalva. "Ina wuƙar?"

Jumber ya dubi zanen, ya dubi fuskar, ya sake duban zanen.

Shalva ya lashi kumfan da ke gashin bakinsa, ya juya shi a baki. Ya ce wannan inabinsa ne, na gindin tudu. Wannan kuma ruwan rijiya. Akwai maɗi, akwai ruwan tsami na randar da ba ta ga wanki ba. Sai kuma wani abu guda da bai gane ba.

"Wando ne," in ji Tsisana.

Ya ajiye kwalbar ya ce wa matarsa su tafi. Ya ce ya zo tambayar randa kuma ta ba shi amsa. Temur yana tsaye jikin bango fuskarsa kamar toka. Nestan ba ta motsa daga inda take ba, uwarta ta ja hannunta ta ƙi. Sai Elguja ya tare ƙofa, ya ce Batono Shalva ya yi haƙuri, baƙo ba ya fita daga layin nan da busasshen maƙogwaro, in ya fita kunyar ta kowa ce, ba ta gida ɗaya ba. Ya tsallaka katanga ya dawo da tulu a kafaɗa, a ɗaya hannun kuma ƙaho mai bakin azurfa. Ya ce aladensa ne ya tono shi a gindin shinge tun cikin sanyi, ya wanke shi daidai gwargwado.

Aka zauna a tebur, don abinci ba shi da laifi. Shalva ya ci burodi da cuku da gasasshen nama. Tsisana ta tsaya a kansa, ba ta yi kuka ba kuma ba ta roƙa ba. Ta ce mijinta ne ya yi wannan aiki shi kaɗai, yaron ya nemi ya wanke randa an hana shi, ya nemi a faɗi gaskiya an hana shi, wannan shi ne iyakar abin da ta sani. Shalva ya dubi 'yarsa, wadda ko loma ba ta kai baki ba. 

Sannan ya cika ƙahon daga tulun Elguja ya miƙa wa Jumber, ya ce maigida ke fara sha. Jumber ya dubi cikin ƙahon, ya dubi Elguja, Elguja yana duban rufi. Ƙaho kuwa ba a ajiye shi sai an ƙarar. Ya shanye. Ya ce ana jin ƙasa a ciki.

Shalva ya ce gidaje da yawa sai bayan an kai yarinya ake ganin abin da ke ƙasan randarsu, wannan kuwa ya gani tun yau, har ƙafarsa ta shiga. Zai ba da Nestan, amma da sharaɗi biyu. Makullin ɗakin randuna ya koma hannun Temur daga yau. Na biyu, ba za a ɗaura aure ba sai ranar da Jumber da kansa, ba ɗansa ba, ba ɗan haya ba, ya shiga wannan randar ya goge ta har Shalva ya sha ruwan da aka kwaso daga ciki.

Duk teburin ya juya ya kalli tumbin Jumber.

Ba a taɓa tsaron cikin mutum a ƙauyen nan kamar yadda aka tsare nasa a wannan shekarar ba. Tsisana ta ɗora shi a kan wake da ganye. Mai burodi ya daina sayar masa, matan layi in sun gan shi kusa da tanderu sai su kira matarsa. Nestan takan aiko masa da gaisuwa tana tambayar yaya ƙugun Baba. Elguja kuwa kullum da yamma a jikin katanga yake gasa namansa, yana fifita hayaƙin ta wajen da ya dace. Jumber yana gaya wa mutane cewa wannan cin ganyen tsari ne na ƙasar waje, shi ya zaɓa da kansa.

Ana gab da tsinkar inabi ya zura ƙafafu, ya fitar da numfashi, ya shige. Aka miƙa masa fitila da burushi. Bai daɗe da fara gogewa ba muryarsa ta taso daga ƙasa, randar ta ƙara mata girma har ana ji a gidan Elguja. Yana cewa a faɗi gaskiya dai, cikin duk kwalaben da ke Tbilisi, wane hanci ne ya je kai tsaye ya zaɓo ta surukinsa? Wa ya haɗa gidajen nan biyu in ba shi ba?

Tsisana tana durƙushe a bakin randar da bokiti, faifan dutsen yana jingine kusa da hannunta. Ta daɗe tana kallon faifan, tana kallon bakin randar. Sannan ta tuna akwai biki a gaba, ta zura wa Jumber bokitin ta ce ya ƙara gogewa ta hagu.